Gaurakar Gidan Alhaji

Akwai wani gari mai kasuwa a cikin Dallol Mauri, tsakanin Dogon Dutsi da Tibiri. Ba sai an faɗi sunansa ba, duk wanda ya san ƙasar Arewa zai iya aza labarin a kan garin da ya ga ya dace. A garin akwai wani Alhaji mai hannu da shuni, mai kyauta kuma, don ba a taɓa jin ya kori mai roƙo daga ƙofarsa ba. Amalanken da suke ɗauko itace daga daji nasa ne, ramukan da ake buga tubali a bakin tafki nasa ne, haka ma lambun da ya fi kowane girma. A tsakar gidansa akwai barewa ɗaure da wata gauraka guda ɗaya tilo, wadda baƙi suke tsayawa kallo. In an zauna jin ɗumi bayan isha'i ba shi da hira sai ta dajin da, lokacin da zabin daji suke shiga gona garke-garke, kura tana kuka a bayan gari, gauraki suna rawa a bakin ruwa da hantsi. Kullum kuma da magana ɗaya yake rufewa, wai mutanen zamani sun lalata ƙasa.

Da hutun ƙarshen Disamba ya zo, aka turo masa jikansa daga Yamai, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya mai yawan tambaya. A hanya, kafin su kai Doso, direba ya rage gudu wajen Kure, fasinja suka leƙa suka ga raƙuman dawa suna cin ganye. Yaron ya san labarinsu tun a lakwal. Mushensu ya faɗa musu cewa a 1996 guda 49 kacal suka rage a duk Afirka ta Yamma, amma da hukuma ta tsaya kan hana kashe su, manoman wajen kuma suka haƙura da ɓarnar da suke yi musu a gonakin wake, yau sun haura 600. Don haka ko ƙurar hanya bai kakkaɓe ba ya tari kakan nasa da wasan jika.

"Kaka, na ga dajin Zabarmawa. Saura naka da kake cika mini baki da shi a waya."

Alhaji ya yi dariya har da tafi. "Gobe kasuwa, aboki. Tashi da wuri in gwada maka abin da ba a koya muku a lakwal."

Gari ya waye da hazo, duwatsun da suka yi wa dallol katanga duk sun ɓace. Mata da yara suna dawowa daga kamun fara, domin da asuba sanyi yake ƙame mata fiffike a tsince ta da hannu a kan sabara. Masu ƙosai sun hura wuta, tsofaffi sun kewaye su suna miƙa tafin hannu. Layin 'yan gwanjo ya cika da masu gwada rigunan sanyi, mai man kaɗe ma tana cin kasuwarta saboda faso da kaushi. Ga sabon gero da wake ana aunawa tiya-tiya, ga gujiya da zoɓo, ga damman harawa da buhunan 'ya'yan gawo. Har karan gero, wanda a da ake bar wa shanun Fulani a gona, yanzu ya zama haja, ana ciniki a kansa. Suka wuce inda tsamiyar da shamuwa take sheƙa take a da, shagunan Alhaji ne jere a wurin. Ya ce wa yaron ai shamuwa tsuntsuwar damina ce, a irin wannan lokaci tana can kudu. Yaron ya tambayi inda za ta sauka in ta dawo, hayaniyar kasuwa ta cinye tambayar.

Wajen mahauta suka fara zuwa, saboda Alhaji ya sha faɗin cewa suna yara ungulaye ba sa barin mahauci ya juya baya. Suka tarar da karnuka da ƙudaje da hankaka biyu a kan katanga. Sarkin Fawa ya taso ya gaida Alhaji, ya shafa kan yaron.

"Ungulu kake biɗa, ɗana? Rabonmu da su an jima. Wasu mutane ne sunka riƙa zuwa, su sa magani cikin hanji su aje bayan mahauta, in sun faɗi su kwashe su cikin buhu. Kan ake so. Wai don kasuwa ta buɗe, ko a ci zaɓe."

"Su wa suke saye?"

"Talaka dai ba shi da kuɗin kan ungulu," in ji Sarkin Fawa, ya koma yana wasa wuƙarsa.

Alhaji ya duba agogo ya ce rana tana yi. A garin ba a manta shekarar da ya tsaya takara ba, ba a kuma manta bokan da ya yi kwanaki a ɗakin baƙinsa ba. Abin da Sarkin Fawa ya faɗa kuwa ya wuce garinsu. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa wannan ungulu ta cikin gari, wadda muka tashi muna raina ta, cikin jerin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa, kuma cinikin sassan jikinta don tsubbu yana cikin manyan dalilai a Afirka ta Yamma. Ita ce take kwashe mushe kafin ya ruɓe ba tare da an biya ta ba. Da ta tafi, aikin ya koma hannun karnukan da suke shiga gidajenmu.

Daga nan suka gangara tafki, wanda shi ne ran garin. Ruwan damina yake tarawa, kuma da yake a dallol ruwan ƙasa ba shi da nisa, yana daɗewa bayan na tudu sun ƙafe. In kaka ta wuce baƙi sukan sauka a kansa. Ban da 'yan gida, su kirinjijiya da dinya da zalɓe da balbela, akwai ƙananan agwagi da wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da suke tasowa daga Turai idan ƙanƙara ta rufe musu abinci. Su keto Sahara, su yi watannin ɗari a nan, wajen Maris su juya. Abin da suke nema bai taka kara ya karya ba: gefen ruwa marar zurfi, taɓo mai tsutsa, da doguwar ciyawa ta ɓuya. Irin waɗannan tafkuna suna cikin dalilan da suka sa tun 2004 aka shigar da kudancin Dallol Mauri cikin dausayin da yarjejeniyar Ramsar take lura da su.

Yaron ya tsaya ya duba. Gefen gabas ramukan tubali ne masu zurfi, bakinsu a tsaye, babu inda tsuntsu zai taka. Gefen yamma shingen waya ya shiga har cikin ruwa, bayansa kabeji da albasa da dankalin Turawa, injinan ban ruwa biyu suna ƙugi tun asuba. Wani ma'aikacin lambu yana tsugune yana wanke famfon feshi a cikin tafkin, kwalaben fiya-fiya a yashe kusa da ƙafarsa. Balbelu uku ne kaɗai a can tsallake, suna bin jaki.

Kada a ce lambu ne laifi. Wanda ya ga abin da lambunan Tapkin Saw suka yi wa mutanen Dogon Dutsi ba zai zagi noman rani ba, don samarin da za su tafi cin rani Legas ko Kwatano sun sami abin yi a gida, ga miya kuma ta canja. A 1960 mutanen Nijar ba su wuce miliyan 3 da 'yan kai ba, ƙidayar 2012 ta samu sama da miliyan 17, kowa kuma da bakinsa ya zo. Amma tafki gefe huɗu gare shi. Da an bar wa tsuntsu da dabba ɗaya, da an ja shinge baya taku talatin, da an tona rami can nesa don wankin famfo, kabejin da zai ragu ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Mai ɗan fegi ɗaya ba zai iya yanke wannan shawara shi kaɗai ba. Wanda ya riƙe gefe biyu cikin huɗu, magana kawai zai yi a ji.

Suna tsaye wani Bafulatani ya iso da 'yan shanunsa, ya kewaya ta nan waya, ya kewaya ta can rami. Ya rusuna ya gaida Alhaji. Alhaji ya ce masa ya bi burtali mana, kada shanu su taɓa shinge.

"Burtali yana nan, Alhaji," in ji makiyayin, ya nuna da sandarsa. "Ga shi can ƙarƙashin kabeji."

Kafin Alhaji ya sami amsa sai ga wani ɗan yaro mai yagaggiyar riga ya ɓullo daga bayan tarin tubali, danƙo a wuya, kurciya ɗaya a hannu. Alhaji ya daka masa tsawa, ya ƙwace danƙon, ya ɗaga shi sama don jikansa ya gani.

"Ka gani ko, aboki? Ga waɗanda sunka ƙare muna tsuntsaye. Ɗiyan zamani ba su da tausai."

Ɗan yaron ya ruga yana kuka, ya bar kurciyar a ƙasa. Ba a ce harbin tsuntsu abin kirki ba ne, kuma ya kamata a kwaɓi yara. Sai dai a shekarun da tafkin yake baƙi ƙirin da agwagi, a lokacin ma akwai yara, akwai danƙo, Alhaji kansa gwani ne. Kurciya ɗaya ba ta taɓa ƙarar da daji ba. Wurin kwana da wurin ƙwai ne idan aka ɗauke, ko ba a harbi ko ɗaya ba za a wayi gari babu su.

Duk abin nan a kan idon Sarkin Baka, wanda ya shimfiɗa buzunsa a gindin wata goriba yana sayar da sassaƙe, tun da farauta ta daina ciyar da mai ita. Sa'an Alhaji ne, tare aka yi musu kaciya. Yaron ya je ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce ta gidansu ba ta tashi, shi gauraka mai tashi yake son gani.

Tsohon ya daɗe yana kallon ruwa. "Ka makara, jikana. Biyu na ƙarshe da sunka yi ƙwai a wancan gefen, inda ramukan nan suke, ni na kama ɗiyansu da hannuna. Wani babban mutum ne ya aiko, ya ce shina son su don ƙawar gida. Na san ba daidai ba ne, amma shekarar gero bai yi ba, ga iyali. Ɗaya ta mutu tun kan a kai wata. Ɗayar anka yanke mata fiffike. Uwayen sunka yi kwana da kwanaki suna kewaya tafkin nan suna kuka, daga nan ba mu ƙara ganinsu ba."

"Irin ta gidanmu ce?"

"Gauraka duk kama gare su," in ji Sarkin Baka. Ya ɗago ya dubi abokinsa. "Ko ba haka ba, Alhaji?"

Alhaji ya ce haka ne. Ya zaro jaka biyu ya ajiye a kan buzun, ya ce a sha goro. Tsohon ya yi godiya ya karɓa, domin yana bukata.

Da la'asar, don yaron kada ya koma Yamai hannu rabbana, Alhaji ya ɗauke shi a mota zuwa gaida wansa, wanda yake zaune a tungarsa bayan gari. Gonar mahaifinsu ce aka raba musu biyu, layin gamba ne iyaka. Rabon Alhaji suka fara ratsawa. Tun shekarar da ya kawo tarakta ya sa aka tumɓuke komai don kada garma ta sarƙe, itacen kuma ya shiga amalanke. Fili ne fetal, iskar hunturu tana kwasar ƙasar sama tana zubawa a hanya. Suna ƙetare gambar sai mota ta shiga inuwa.

Wan nasa talaka ne, amma tun bayan yunwar 1984 ya daina sassabe irin na da, wanda ake aske gona ƙwal a ƙone. In kututture ya yi toho sai ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya sare sauran ya kai gida a yi girki. Shi ne ake kira sassaben zamani, wanda ya fara yaɗuwa daga jihar Maradi a shekarun 1980, har masu bincike suka ƙiyasta cewa manoman Nijar sun mayar da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5, ba da tiyo ko bokitin ban ruwa ba. Gonar tasa cike take da kalgo da sabara da aduwa da magarya, a tsakiya kuma ga wasu manyan gawo uku, kore shar a tsakiyar ɗari.

Duk manomin Arewa ya san halin gawo. Da damina, lokacin da gero yake son rana, shi yake zubar da ganyensa ya tsaya tsirara, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da rani, lokacin da sauran itatuwa suka bushe, shi yake tohowa. Dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar kashi, 'ya'yansa su zuba a tsince a ba tumaki ko a kai kasuwa. Shi ya sa zangarniyar da ta fito a gindinsa take fin ta fili. Ba a buƙatar malamin gona ya zo ya faɗi wannan, dammunan da ake ɗaurewa suna faɗa.

Yaron bai jira an gama gaisuwa ba. Ya taka cikin karmami sai zomo ya zabura daga gindin kalgo. Ya bi shi da gudu sai fakara biyu suka tashi fir. Ya ga sawun bushiya a kan yashi, ya ga ramin kurege, kurciyoyi kuwa ba sa ƙirguwa. Wani shaho siriri mai launin toka yana shawagi ƙasa-ƙasa a kan ciyawa, yana karkata dama da hagu. Tsohon ya ce wannan baƙon ɗari ne, ba a ganinsa da damina, kuma fara ce abincinsa. Gaskiya ya faɗa, daga gonakin Turai yake zuwa, duk farar da ya ci kuma ta rage wadda za ta yi ƙwai ta jira shukar baɗi.

"Kaka! Ashe da gaske kake!" Yaron yana haki. "Me ya sa duk suka taru a nan, babu ko ɗaya a taka gonar?"

Wan Alhaji ne ya amsa, a hankali. "Dabba inda anka bar mata wuri nan take zama, jikana. Ka ga wancan gawon na tsakiya? Babanmu ma nan ya ishe shi. Ƙarƙashinsa innarmu take kwantar da kakanka in ta kawo muna hura, ni ke kore mishi ƙuda."

Suka ɗan yi dariya. Daga nan tsohon ya ja ƙanen nasa gefe, ya rage murya, amma iska ta kawo wa yaron rabin maganar. Matarsa ce ba lafiya, likita ya ce sai an kai ta Doso. Ɗansu da ya tafi cin rani bai aiko ba tukuna. Wake ya sayar, akuya ya sayar.

"Iccen nan uku da ka daɗe kana tambaya, Alhaji, turo yaranka."

Dokar daji ta 2004 ba ta yarda a sare ɗanyen itace irin gawo haka kawai ba, sai da izinin malaman daji. Amma masu amalanke sun san hanya. A ɗosana wuta a gindi da dare, ko a kewaye ɓawon da gatari, a ba shi lokaci ya bushe a tsaye, sannan a zo da takardar ɗibar busasshen itace. A takarda babu laifi. Alhaji ya san haka, wansa ma ya sani, shi ya sa da yake maganar bai dubi wajen itatuwan ba.

"To, Yaya," in ji Alhaji. "Allah shi ba ta lahiya. Zan sa a kawo maka kuɗin iccen."

A hanyar komawa yaron ya yi shiru har suka ƙetare gamba. Can ya ce, "Kaka, in an sare su, zomon ina zai koma?" Alhaji ya ce daji da faɗi. Yaron ya leƙa ta taga dama da hagu, gona ce take bin gona har bakin gari.

Matar da take ɗauko ɗan ƙullin ƙirare a kai don ta dafa wa 'ya'yanta tuwo ba ta da zaɓi, kuma ba da ita ake ba. Gidan Alhaji da gas ake girki tun 'yan shekaru bayan matatar Zinder ta fara aiki a 2011, itacen da amalankensa suke ɗauka na sayarwa ne a bakin kwalta. Ba yunwa ce za ta kai gatarinsa gindin gawon nan ba, kuma ba a ce ba shi da tausayi ba, don a ranar ma almajirai sun ci sun ƙoshi a ƙofar gidansa. Kuɗin da wansa yake nema bai kai na ragon da ya yanka wa baƙinsa na siyasa a makon da ya wuce ba. Zai iya miƙa su a matsayin ƙane, ya ce Yaya ga wannan a kai ta asibiti, itatuwan kuma a bar su inda mahaifinsu ya same su.

Wanda ya kawo labarin ya ce yaron ya koma Yamai, an kai matar Doso da kuɗin da Alhaji ya aika, kuma har ranar da ya baro garin ba a sa wa gawon wuta ba. Babban yaron Alhaji mai kula da amalanke ya zo sau biyu yana tambayar ranar da za su je, Alhaji ya ce masa ya dakata sai bayan kasuwa mai zuwa.